Malumfashi: Inda Su Fada Suka Koyi Zama Da Manoma

Wanda ya saba ganin manyan majami'un Abuja, in aka ce masa akwai limaman Katolika da suka yi shekaru suna bin ƙauyukan ƙasar Hausa rariya-rariya, sai ya ga abin kamar almara. Wannan ne ya sa na tashi daga Abuja, na bi ta Kaduna da Zariya, na ratsa Funtuwa, na sauka Malumfashi ta Jihar Katsina, ƙasar auduga da dawa, don in ga wurin da idona.

Tun daga sunan majami'ar garin mutum zai gane masu ita. Vincent Ferrer ake kiranta, sunan wani shahararren mai wa'azi na ƙungiyar Dominikan. Wani mutumin Sifen, Dominik, shi ya kafa ƙungiyar, Paparoma ya amince da ita a 1216. 'Ya'yanta suna kiran junansu 'yan'uwa, suna sa farar riga, suna zaune gida ɗaya. Ba su aure, ba su tara dukiyar kansu, a da ma har bara sukan yi kamar almajirai.

A 1951 na farkonsu suka iso Ikko daga birnin Shikago na Amurka. A 1953 aka yanki lardunan Sakkwato da Katsina aka danƙa musu, Fada Edward Lawton ya zama shugaba. Gusau suka fara kafa sansani, domin jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa da auduga sun tara ma'aikata 'yan Kudu a can, su ne kuwa mafi yawan mabiyansu. A 1956 sistoci suka biyo su daga Kansas, suka kama aikin jiyya da koyarwa.

To, duniya rawar 'yan mata. Lawton ya zama Bishop na Sakkwato a 1964, ya rasu a 1966. A shekarar nan kuma tarzoma ta ɓarke, 'yan Gabas suka koma gida, majami'u suka zama wayam. Da Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, ya tarar da gine-gine ba jama'a. Sai su Fada suka ƙara mai da hankali ga karkara, wajen Maguzawa, watau Hausawan da suka riƙe addinin kakanninsu.

A nan ne malami ya koma ɗalibi. Manomi ba ya jin Turanci, ba ya barin gona da damina don wa'azi. Tilas baƙon ya koyi Hausa, ya iya doguwar gaisuwa, ya ci tuwo da miyar kuka, ya jira kaka. Aka buɗe makarantar horar da katikis a Malumfashi, don ɗan ƙauye ya koyar da 'yan ƙauyensu. Wani daga cikinsu, Fada Joseph Kenny, wanda ya zo a 1964, ya duƙufa kan Larabci da ilmin Musulunci, har ya koyar a Jami'ar Ibadan, domin ya ga ba a zama da maƙwabci ba a san abin da yake girmamawa ba.

Yau 'yan ƙasa ke riƙe da aikin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kasuwa, inda na ga Musulmi da Kirista suna ciniki da harshe ɗaya, ba ka rarrabe su sai an faɗi suna. Amma wannan zama yana cikin haɗari. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan su Fada na Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello. Irin waɗannan ɓarayi ne suka hana dubban manoma Musulmi zuwa gona a Katsina da Zamfara. Harsashi ba ya tambayar addini, saboda haka kare ƙauyukan nan aikin kowa ne. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.