Hoton mama ya tashi daga fim ya koma kwamfuta: me ya canza wa matan Funtua da Malumfashi?

1/ Zaren yau a kan sankarar mama ne, wadda a gida muke ce wa ciwon daji. Ni 'yar yankin Malumfashi ce, ina karanta fannin ɗaukar hoton asibiti a jami'a. Maza kada ku wuce fa, kuna da uwa da ƙanne.

2/ Mamogiram hoton eksire ne na nono. Ana matse nonon tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci a ɗauka. Amfaninsa shi ne yana iya nuna ƙulli tun yana ƙarami, kafin hannu ya ji shi.

3/ A da kan fim ake ɗauka, a shiga ɗakin duhu a wanke da sinadarai, kamar hotunan bikin iyayenmu. In ya yi duhu ko haske ya yi yawa, sai dai a sake. A 2000 Amurka ta amince da na'urar dijital ta farko, wadda hotonta ke fita kai tsaye a allon kwamfuta.

4/ A 2005 aka fitar da sakamakon babban binciken DMIST, a kan mata sama da 49,000 a Amurka da Kanada. In an haɗa matan gaba ɗaya, fim da dijital kusan kunnen doki suka yi. Amma ga 'yan ƙasa da shekara 50 da masu cunkushen tsokar nono, dijital ya fi gano cutar.

5/ Nan ne ya shafe mu. A Najeriya cutar kan kama mata da wuri fiye da a Turai, da yawa suna shekaru arba'in da wani abu. Cunkushen tsoka fari take fitowa a hoto, ƙullin ma fari. A kwamfuta likita zai iya ƙara girman hoton, ya daidaita haskensa, ya duba da kyau.

6/ Gwaggona ta taɓa yin hoton fim shekarun baya. Aka ba ta a babbar ambulan, ta sa a ƙasan akwati. Da ta sake jin wani abu a nononta bara, likita ya nemi tsohon hoton don ya gwada da sabo. Zafi da laimar damina sun riga sun cinye shi, ba a ganin komai.

7/ Gwada tsoho da sabo kuwa babban abu ne. Ƙullin da ya shekara biyar bai motsa ba daban yake da wanda ya fito bana. Hoton dijital ana ajiye shi a kwamfuta ko faifai, kuma ana iya tura shi ta intanet.

8/ Ku auna wannan da yankinmu. Likitocin da ke karanta irin hoton nan sun fi yawa a manyan asibitocin koyarwa, irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano. In hoto zai iya tafiya, matar Bakori ko Ƙafur ba sai ta bi shi da ƙafarta kowane lokaci ba.

9/ Sai dai dijital na da nasa nauyin. Yana nuna ƙananan ɗigo-ɗigo da fim kan ɓoye, don haka a wurare da dama an fi kiran mata su dawo a sake dubawa. Akasarin waɗanda aka kira, a ƙarshe ba daji ba ne.

10/ A birni "ki dawo" magana ce mai sauƙi. A wurinmu kuɗin mota ne na mutum biyu, da izinin maigida, da wanda zai riƙe yara. Gwaggo sai da ta jira aka sayar da masara kafin ta koma. Sati uku ba ta barcin kirki. Alhamdulillah nata ƙullin bai zama daji ba.

11/ Na'urar kuma tana da tsada, tana son wuta tsayayya da mai gyara in ta lalace. Kuma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan nama an gwada a ɗakin bincike ake tabbatarwa.

12/ Abin da ya fi damuna: mafi yawan matanmu ba sa zuwa sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4. An sha jiƙo, an shafa, an ce sammu ne, ana kunyar faɗa ko tsoron a yanke nono. A wannan matakin ko da wace na'ura aka ɗauka, magani ya riga ya yi wuya.

13/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano da cutar, 670,000 suka rasu. Shirin da ta ƙaddamar a 2021 yana son a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun a mataki na 1 ko na 2, a kuma kammala bincike cikin kwana 60.

14/ Alamun da ba a jira da su: ƙulli a nono ko hammata ko da ba ya zafi, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa yana fita, fata ta koma kamar bawon lemu. A je babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a duba, in akwai buƙata su tura gaba.

15/ 'Yan mata irina, mu galibi da sikanin ake fara duba mu, irin wanda ake wa masu ciki. Iyayenmu da suka haura 40 su tambayi likita batun mamogiram. In an yi, ku roƙi kwafin hoton da takardar sakamako, ku adana musu.

16/ Samari kuma, kaka ta zo, an fara ɗaukar auduga da masara. In Inna ta ce tana jin wani abu a jikinta, ku cire kuɗin motar nan kafin kuɗin ya tafi wani wuri, ku raka ta da kanku. Ku tura wa na gida zaren nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.