Mai Injin Ƙanƙara

A Maradi na tashi, inda sanyin da muka sani bai wuce na hunturu ba: hazo, kaushin ƙafa, da wutar kara da asuba. Da na samu gurbin ƙaro karatu a jami'ar Rimuski, wani ƙaramin birni a bakin kogin Sen Loran cikin lardin Kebek na Kanada, na tafi da matata da ɗiyarmu 'yar shekara uku. Muka kama haya a wata unguwa mai shiru. Wata uku muna nan ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. Ka gaida mutum, ya ɗaga maka hannu ya shige gida. Har na ce wa mahaifiyata ta waya, "Inna, mutanen nan ba su san maƙwabtaka ba."

A watan Disamba dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Da safe na leƙa, motata ta nutse har gilashi. A garin, ma'aikatar magajin gari ce ke share tituna da manyan motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba. Sai dai abin da suka kankaro a gefe suke tura shi, ya zama ganuwa a bakin kowane gida, ga tauri ga nauyi. Wannan ganuwar kuma ta mai gida ce. Masu hali suna biyan mai tarakta kuɗin shekara. Ni kuwa ɗan shebur na roba gare ni, irin abin da a gida muke kira felu, ga jarrabawa ƙarfe takwas.

Na fi rabin awa ina fama. Gumi ya jiƙe ni a cikin riga, yatsuna kuwa sun daina ji. Sai ga dattijon da gidansa ke kallon namu ya tsallako, yana tura wani inji mai haɗiye ƙanƙara ya feso ta gefe. Ko gaisuwa bai yi ba, hannu ya yi mini in matsa. Cikin minti goma ya buɗe hanya. Kafin ya juya ya ce, "Tura ta ake yi, ba a ɗaga ta. Kuma ka fito sau biyu, kada ka jira ta taru."

Haka ya riƙa yi duk ranar da aka yi zuba mai yawa. Abin ya fara yi mini nauyi, don ba na son a ɗauke ni baƙon da ake tausaya wa. Ran nan na tare shi na miƙa masa dala 20. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Ba sana'ata ba ce." Ya tada injinsa ya wuce. Na koma ciki kunya ta ishe ni.

Matata ta ce, "Haba Malam, a gida wa ke biyan 'yan gayya? Abinci ake kai musu." Da yamma ta soya ƙosai, na kai. Bayan kwana biyu kwanon ya dawo, da kwalbar zumar itacen mafal a ciki.

Daga nan na fara lura da tsarinsa. Gidan wata tsohuwa da ke kwanar titi yake fara yi, wadda ma'aikaciyar jinya ke zuwa duba ta kowace safiya. Sai ya tono famfon 'yan kwana-kwana, don idan gobara ta tashi ba a da lokacin neman sa a ƙarƙashin ƙanƙara. Sannan namu. Nasa ne na ƙarshe.

A watan Fabrairu aka yi wata zuba mai jiƙa, irin mai nauyin nan. Gaskiya ɗaya ce: na tsaya bakin taga da shayina ina jiran ƙarar injin. Ƙarfe bakwai ta yi, shiru. Har raina ya soma ɓaci, kamar bashi nake bin sa. Sai na lura babu sawun kowa a ƙofarsa. Na keta ƙanƙarar na buga. Matarsa ta ce tun shekaranjiya yana asibiti, zuciya ce, likita kuma ya hana shi wannan aikin har abada. Na tsaya kamar gunki. Mutumin da ke buɗe mini hanya ya kwana biyu a kwance, ni mai gorin maƙwabtaka ban sani ba.

Ta ce, "Tsohuwar can fa, ƙarfe takwas mai jinyarta ke zuwa."

Na ɗauko shebur na nufi kwanar titi. Na share matakala, na zuba yashi saboda santsi, na buɗe ƙofar baya. Ganuwar bakin titi ce ta kusa kayar da ni, sai ga wani maƙwabci da ban taɓa jin muryarsa ba ya zo da nasa shebur. Muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ba mu yi magana goma ba. Mai jinyar ta iso ta samu hanya. Ni kuwa darasin ranar ya wuce ni.

Da dattijon ya dawo, ya kira ni garejinsa. Yana zaune a kujera ya koya mini tada injin, da yadda ake juya bakinsa ya bi iska, da cewa idan ya toshe a kashe shi a sa sanda, kada a kuskura a sa hannu. Ranar 1 ga Yuli, ranar da mutanen Kebek suka saba ƙaura, suka koma gidan tsofaffi. Injin ya bar mini, da sharaɗi ɗaya: gidan tsohuwa farko.

Sanyi biyu ke nan ina riƙe da sharaɗin. Da na ba Inna labari, ba ta ce komai a kan injin ba. Tambayata ta yi ko ina zuwa gaida dattijon. Na ce ina zuwa, ranar Lahadi. Ta ce, "To, kada ka je hannu sake."