Wasa Ba Faɗa Ba Ne

Idan azumi ya kwana goma, yara a Shagari da Boɗinga da sauran garuruwan ƙasar Hausa sukan fita tashe. Wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wata ta kwaikwayi matar da ba ta ga miji da gashi a ka, jama'a na dariya, mai laifi kuwa yana jin maganar a jikinsa. Ashe tun kafin zuwan boko Hausawa sun san ana faɗa wa mutum gaskiya da wasa ba tare da an ɗauki sanda ba.

Akwai wani mutumin Rasha da ya yi dogon tunani a kan wannan al'amari, sunansa Leo Tolstoy. An haife shi a 1828, ɗan manyan gida ne mai gonaki da barori. Ya yi soja, ya halarci yaƙin Kirimiya a 1854 da 1855, ya ga yadda ake kashe talakawa a kan rigimar da ba tasu ba. Da girma ya zo masa, sai ya duƙufa karatun Linjila, ya tsaya a kan huɗubar da Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, ya yi bisa dutse, inda ya hana rama mugunta da mugunta. Daga nan Tolstoy ya ce mulkin gaskiya na Allah ne kaɗai, duk hukumar da ta dogara ga soja da kurkuku da igiyar rataya ba ta cancanci biyayyar Kirista ba. Saboda irin waɗannan maganganu, cocin ƙasar Rasha ya kore shi a 1901.

To, mutum mai wannan aƙida, ina ruwansa da wasa? A 1897 ya gama wani littafi mai tambayar mene ne fasaha. Amsarsa ita ce, waƙa ko zane ko wasan kwaikwayo hanya ce da mutum ke zuba abin da ke zuciyarsa cikin zuciyar ɗan'uwansa. Idan manomi ya kalli wasa ya ji zafin abin da ya sami wani, wasan ya yi amfani. Idan kuwa sai attajiran birni kaɗai ke gane shi, kome tsadar kayan 'yan wasan, aikin banza ne. Shi kansa ya buɗe wa 'ya'yan manoma makaranta a ƙauyensu a 1859, ya kuma wallafa littafin koyon baƙaƙe a 1872. A 1886 ya rubuta wasan “Ƙarfin Duhu”, labarin wani manomi da ya kashe jariri, zuciyarsa ta hana shi sakat, har ya tona wa kansa asiri gaban taron biki. Ba ɗan doka ne ya gano shi ba, tsoron Allah ne ya kama shi. Hukuma ta hana nuna wasan a Rasha, sai a Paris aka nuna shi a 1888.

Littattafansa sun kai Afirka ta Kudu, suka faɗa hannun wani lauya ɗan Indiya, watau Gandhi. Suka yi ta musayar wasiƙa daga 1909 har rasuwar Tolstoy a 1910. Gandhi ya ɗauki dabarar ƙin zalunci ba da makami ba, ya ja mutanensa da ita har Indiya ta sami 'yanci a 1947.

Labarin Gandhi kuwa ya iso Arewa, ya shiga ran Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake tsara wasanni da Hausa, cikinsu har da “Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya”. Da ya zama malami a Midil ta Bauci ya ci gaba da sa ɗalibai wasa, suna nuna halin masu danne talaka. Daga baya aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na lokacin, inda ya bar aikin hukuma a 1950 ya shiga siyasa. A shekarun nan ne wani malamin Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari, ya tsara “Waƙar Nijeriya” a 1948, don mutane su san ƙasarsu da harshen da suke ji.

Amma fa Malam Aminu Musulmi ne, bai kuwa bi Tolstoy wajen ƙin hukuma ɗungum ba. Shi gyaranta yake nema. Shi ya sa a 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya kara da Shehu Shagari da ƙuri'a, Shagari ya ci. Abin da ya haɗa shi da Tolstoy shi ne imanin cewa azzalumi ma mutum ne, kunya tana iya kama shi.

Yau Maru tana cikin Jihar Zamfara, ta kuwa sha wuyar 'yan bindiga kamar ƙauyuka da yawa na Sakkwato. Mai hankali zai ce wasa ba ya tare harsashi, gaskiyarsa kuwa. Sai dai saurayi ba ya ɗaukar bindiga rana ɗaya. Sai ya fara daina ganin maƙwabcinsa a matsayin mutum. A nan ne aikin wasa yake, tun icce yana ɗanye.

Wanda ya ci jarrabawar yaƙi da jahilci yana da abin aiki a hannunsa. Yana iya rubuta rigimar manomi da makiyayi a kan burtali, ya ba kowane ɓangare bakin faɗin kukansa, samari su nuna a dandali bayan girbi, a gayyato Ardo da Hakimi su zauna tabarma ɗaya. Kuɗin da zai kashe bai wuce na takarda da fensir ba. Zaman lafiya dai ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba da shi, amin.