JIJIYOYIN ƘAFAR MAI TUWO

Akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo a wata tashar mota a Kano, wadda ta shekara 22 tana wuni a tsaye gaban tukunya, ta kuma haifi 'ya'ya 7. Tun tuni jijiyoyin sharaɓarta suka fito, suka murɗe kamar igiya. Maƙwabta suka ce sanyi ne, wanzami ya ce mataccen jini ne, sai ƙaho. Ita kuwa ta ce ai mijinta manomi ne, jijiyoyin hannunsa duk a waje suke, bai taɓa kwanciya ba.

To, a nan ta kuskure. Jijiyar hannun ma'aikaci, ko ta siririn mutum, ko ta tsoho, ko wadda ke tashi lokacin zafi, yawanci ba cuta ba ce. Ta ƙafa kuwa daban take. A cikinta akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa, waɗanda likitan Ingila William Harvey ya bayyana aikinsu a 1628. Yawan tsayuwa, da juna biyu, da ƙiba, da tsufa, da gado suna raunana su, sai jini ya taru, jijiya ta kumbura.

Ran nan ta dawo biki daga Legas, ta kwana zaune a mota. Bayan kwana 2 ƙafarta ta hagu kaɗai ta kumbura, ta yi zafi, ta ƙi takuwa. Ta aika a kira wanzami, babban ɗanta ya tare ƙofa, ya ce, "Inna, ku yi mini gafara, yau kam asibiti za mu."

Da aka yi hoton ƙafar, sai ga gudan jini ya toshe babbar jijiya can ciki. Likita ya ce, "Hajiya, da wannan ya ɓalle ya tafi huhu, da wani labari ake yi." Aka ɗora ta kan maganin tsinka jini, aka gargaɗe ta cewa kumburin ƙafa ɗaya, ko gyambo a idon sawu, ko jijiya mai zubar da jini, duk na asibiti ne, sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji kuwa ba a jira gari ya waye.

Yanzu ta koma bakin tukunyarta, sanye da matsattsiyar safa, da kujera a gefe. Da dare takan ɗora ƙafafunta bisa matashi. Jijiyoyin suna nan, amma ta san ranar da za ta ji tsoronsu.