Hotunan mako: a yi sallama kafin a ɗauka

  

Kamar yadda munka saba kowace Juma'a, yau ma za mu zauna kan hotunan da kunka aiko na gasar mako. Taken wannan karo shi ne "Ruwa", kuma da gangan munka zaɓe shi. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, Gulbin Maradi ya koma rairayi, kowane gida da maganar ruwa ake tashi. Mu ƴan rediyo ne, aikinmu baki da kunne, amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Kun aiko da yawa, mun duba kowane ɗaya, mun gode. Guda huɗu za mu yi magana a kansu. Akwai kuma wani kashi da ba mu saka a shafi ba, za mu faɗi dalili.

Mu fara da Damagaram. Wani ɗan'uwa ya aiko mana layin bido ruwan ɗorawa gaban famfo, bayan sallar asuba. Babu mutum ko ɗaya cikin hoton. Bido ne kawai sunka jeru, wasu an ɗaure su da igiya guda don a san na gida ɗaya ne, wani an aza masa dutse yana riƙe wa mai shi layi. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ya san abin da layin nan ke nufi. Garin yana bisa dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga wurare kamar Gogo-Machaya da Arunguza, in ya ɗauke sai a kwana ana jira. Ɗan'uwa, ka yi dabara da ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, shi ya sa layin ya miƙe har ya ɓace a ƙarshen lungu. Gyara biyu muke da shi. Na farko, hoton ya karkata hagu kamar bidon za su zube. Shiga saitin kamera ka kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka daidaita gindin katanga da ɗaya daga cikinsu. Na biyu, akwai hazo-hazo a gefen dama. Maiƙon yatsa ne da ƙurar aljihu a idon kamera. Goge shi da gefen riga kafin ka ɗauka. Rabin hotunan da muke gani dishi-dishi, ciwonsu ke nan.

Sai Tawa. An aiko mana masunci cikin kwale-kwale a tabkin Tabalak, ya ɗaga koma, ruwa na zuba daga jikinta. Lokacin da anka danna ya yi daidai, komar tana sama, ɗigon ruwa bai kai ga faɗuwa ba. Sai dai tsakar rana ce, kuma rana tana bayan mutumin. Salula ba ta da wayo irin na ido. In ta ga sama da ruwa suna walƙiya, sai ta rage haske don kada su ƙone, mutum kuma ya koma baƙi ƙirin, ba a ganin ido ba a ganin baki. Mu masu baƙar fata abin ya fi shafarmu. Maganinsa ba wuya: taɓa fuskar mutumin a kan allo kafin ka danna, kamera za ta auna haskenta da fuskar. In da hali, zagaya ka bar rana bayan kafaɗarka. Filash ba zai cece ka ba, ƙarfinsa ba ya wuce mita 2 zuwa 3. Abin da ya fi duka shi ne lokaci: daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar kafin magariba. Lokacin nan haske na zuwa daga gefe, yana fito da fuska da kaya yadda suke. Malam, ka koma Tabalak da sassafe. Mun san masunta ma lokacin suke fita.

Mutanen Yamai, kun aiko mana faɗuwar rana bisa kogin Isa. Ta yi kyau, babu musu. Matsalar ita ce mutum da yawa sun aiko, kuma in anka jera su kamar mutum ɗaya ne ya ɗauka: jan sama, baƙin ruwa, gada daga nesa. Wasu kuma sun ƙara launi har sama ta koma kamar an zuba mata manja. Ku rage hannu wajen gyaran launi. Sannan ku juya baya ku dubi bakin kogin da kuke tsaye. Ga masu wanki sun shanya kaya bisa ciyawa, ga masu lambu na ɗibar ruwa da bokitin ban ruwa biyu, ga ƴan kwale-kwale na ƙetarar da mutane da kayansu. Faɗuwar rana tana nan gobe da jibi. Abin da mai wankin nan ke yi da hannunsa a minti ɗin da kuke wurin, shi ne ba ya maimaituwa.

To, yanzu ga kashin da ba mu saka ba. Mata a bakin rijiya suna jan guga, zane ya jiƙe ya manne a jiki, an ɗauke su daga bayan katanga. Yaro ya duƙa yana shan ruwan kwata. Wani ɗan garuwa yana barci ƙarƙashin kurarsa, baki buɗe, an rubuta masa kalmar ban dariya a ƙasa. Duk hotunan nan abu ɗaya ya haɗa su: daga nesa anka ɗauke su, da zum, kuma waɗanda ke ciki ba su sani ba.

Ko ta fuskar sana'a kaɗai, ba su yi ba. Zum ɗin mafi yawan salulolin da ke hannunmu ba ya kusanto da komai. Tsakiyar hoton yake yankewa ya buɗa ta, kamar a ja ƙaramin zane a ce sai ya rufe gado. Shi ya sa fuska ke fashewa, hannu ya ɗan motsa komai ya dagule. Kuma mai ɗaukar hoto a ɓoye kullum cikin sauri yake, ba ya tsayawa duba haske, ba ya gyara tsayuwa. Hoton sata daga ganinsa ake gane shi.

Amma ba don fashewar fuska munka ajiye su ba. Da yawa cikinmu muna koleji a 2005, shekarar da yunwa ta shigo bayan fari da fara sun ci amfanin daminar 2004. Baƙi sun cika Maradi da manyan kamarori. Hotunan yara masu tamowa a hannun uwayensu sun zagaya duniya ta talabijin. Ba mu musun cewa hotunan sun jawo taimako, an ceci rayuka, Allah shi saka wa duk wanda ya taimaka. Sai dai mun gani da idonmu yadda ake tsayawa kan uwa tana zaune da ɗanta, a ɗauka a wuce, babu sannu babu yaya jiki. Mun ji yadda manyanmu ke magana a fada da dare, suna cewa an mai da mu abin kallo. Yaran da sunka rayu yau sun haura shekara 20, wasu sun yi aure, hotonsu kuma bai mutu ba. A wancan lokaci kamera tana hannun baƙo, muna iya cewa bai san mu ba. Yau tana aljihun ɗan kabu-kabu da ƴar lakwal da mai shayi. In munka ɗauki maƙwabtanmu yadda anka ɗauke mu, wa za mu ɗora wa laifi?

Ɗaya daga cikin waɗanda sunka aiko ya rubuto mana, ya ce: "In ba mu nuna wahalar ba, ta yaya hukuma za ta sani?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu ce a ɓoye wahala ba. Aikinmu na kullum a rediyo shi ne faɗinta. Amma ku koma ku dubi layin bidon Damagaram. Duk wani mai mulki da ya gan shi ya gane saƙon, kuma babu matar da za ta ji kunyar fita gobe saboda shi. In kuma dole sai fuska ta fito, mai fuskar yana da baki, a tambaye shi. Yaro kuwa uwayensa ake tambaya. Matar da ke bakin rijiyar nan tana da miji, tana da surukai, tana da ɗiya a lakwal da abokansu ke da salula. Hoto in ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Mu tuna kuma tun 2019 ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet, kuma cikin abin da ta hana har da yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Ba ma so wasan hoto ya kai ɗayanmu gaban alƙali.

Hoton da ya ci gasar wannan mako daga nan Maradi ya zo, kuma shi ma ɗan garuwa ne. Wata ɗalibar lise ce ta ɗauka. Dattijo ne, yana tsaye gaban kurarsa da bido cike, hannu ɗaya bisa ƙarfen turawa, jijiyoyin hannun sun fito, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Hasken la'asar na dukan gefen fuskarsa, bayansa katangar ƙasa ce kawai, babu tarkacen da ke jan ido. Yana kallon kamera kai tsaye, bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Kallon mutumin da ya san aikinsa ne. Yarinyar ta rubuto mana yadda anka yi. Shi ke kawo ruwa gidansu. Ta ce masa: "Baba, sannu da aiki. Ina so in ɗauke ka hoto na gasar rediyo, mutane za su gani. Ka yarda?" Ya ce: "To ɗiyata, bari in gyara hula." Da ta ɗauka ta nuna masa, ya ce ta sake, kurar ba ta fito duka ba. Na biyun shi ne wanda kuke gani a saman shafi.

Ku lura da abin da sallamar nan ta saya mata. Ta matso taku uku, ba ta buƙaci zum ba. Ta samu lokacin zaɓar katanga da gefen da rana take. Mai hoton kuma ya ba da shawarar da ta gyara aikin, don ya fi ta sanin cewa ɗan garuwa ba ya cika sai da kurarsa. Gyara ɗaya muke da shi, ƙanwarmu: kin yanke ƙafafunsa daidai idon sawu. Ko ki bar ƙafa ta fito duka, ko ki yanke daga cinya. Ba a yanka mutum a gaɓa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce a yankinmu. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana yake aiki cikin tsakar gida, mutum ya zo da kayan da yake so a gan shi da su. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, yana bin samari wuraren bikinsu, sun san shi ya san su, har anka ba shi babbar kyautar baje kolin Venis a 2007. Nan Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar birni cikin shekarun 1960 da 1970. In kun samu rezo ku nemi hotunansu ku duba idanun mutanen da ke ciki. Za ku ga sun san ana ɗaukarsu, kuma sun yarda.

Daga wannan mako mun ƙara sharaɗi ɗaya. Duk hoton da ake gane fuskar mutum a ciki, ku rubuto mana layi guda cewa kun tambaye shi ya amince. In yaro ne, ku ce wa kunka tambaya, uwa ko uba. Wanda ya aiko babu wannan layi, za mu duba mu ba shi shawara a keɓe, amma ba zai hau shafi ba. Waɗanda munka ajiye nasu yau, ba fushi ba ne, ƙofa a buɗe take. Rijiyar tana nan, ku koma ku yi sallama. Sannan in za ku turo ta WhatsApp, ku bi ta wurin aika takarda, inda anka rubuta Document, don in kun turo kai tsaye yana matse hoton ya rage masa kyau.

Taken mako mai zuwa shi ne "Inuwa". Gindin bedi, rumfar mai shayi, zaure, ƙarƙashin amalanke, duk inda mutane da dabbobi ke fakewa cikin zafin nan. Muna karɓa har daren Laraba. Ku rubuto mana a ƙasa wane hoto ya fi burge ku cikin huɗun nan, za mu karanta wasu a shirin safiyar Asabar.

Allah shi ba mu ruwa mai albarka, shi rufa mana asiri. Sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.