Fim bai kada Bush ba, sai ruwa

Ni fa har yau Amurkawa na ba ni mamaki. A 2004 Michael Moore ya fito da Fahrenheit 9/11, ya yi wa Shugaba George Bush tonon silili kan yaƙin Iraƙi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes, aka yi cincirindo a silima. Amma ina! Nuwamba na zuwa su ka sake zaɓen sa.

A gani na, gawawwakin Bagadaza ba su dame su kamar na gida ba. Sai da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans a Agusta 2005, talakawa, yawanci baƙar fata, su ka kwana kan rufin gidaje su na jiran agaji, sannan aka soma juya masa baya sosai. Mutumin da kashi 90 cikin ɗari su ka yaba wa a 2001, kafin ƙarshen 2008 ya faɗo kashi 25.