ZANZARO A IDON KYAMARA

Babu ɗalibin makarantar nan da bai san zanzaro ba. Wanda bai kula da shi a bangon ɗakin kwana ba, ai ya ji sunansa a bakin firifet da safe, sa'ad da ake cewa kowa ya yi zanzaro kafin a shiga layi. Duk wanda ya ga siririn ƙugun ƙwaron nan ya san inda cusa riga cikin wando ya samo suna. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube shi sosai. Ni na yi wata uku ina dubansa ta idon kyamara, don in raba wata gardama.

Gardamar kuwa ita ce, shin zanzaro yana haihuwa? Kakata takan ce ba ya haihuwa, sai dai ya sato tsutsa ya kulle ta cikin ɗaki, ya yi ta yi mata karatu har ta rikiɗe ta zama irinsa. Kukan da muke ji in yana gini, in ji ta, shi ne karatun. Da na kawo zancen a aji sai aka rabu biyu, waɗansu suka ce su ma haka suka ji a gida, waɗansu suka yi ta dariya. Malaminmu na ilmin halittu bai goyi bayan kowa ba. Cewa ya yi duk mai hujja ya kawo ta a hoto.

To, kowa ya san dokar makaranta ta hana ɗalibi riƙe waya. Saboda haka Malam ya riƙa ara wa ƙungiyarmu ta kimiyya tasa ran Laraba da yamma da kuma ran Asabar. Muka ɗauko gilashin ƙara girman abu daga ɗakin gwaje-gwaje, muka ɗaure shi a bakin kyamarar wayar da roba. Kayan aikinmu ke nan.

Ɗaukar hoton ƙaramin abu daga kurkusa ba wasa ba ne. Muddin ka matsa kusa, wurin da ke fitowa sarai ba ya wuce milimita biyu ko uku. In kan ƙwaron ya fito, sai ƙugunsa ya dushe, in ka nemi ƙugun, sai kan ya ɓace. Ko numfashi ka ja, hannu ya motsa, hoto ya lalace. Ga shi kuma kana tare wa kanka haske da inuwarka. Dabarar da ta fisshe mu ita ce, in dafa gwiwar hannu a bango, abokina ya riƙe farar takarda tana maido hasken rana a kan ginin. Sa'an nan ba a bin zanzaro da kyamara. Sai ka saita ta a bakin ginin ka jira, don dole ya komo. Malam ya ce gwanayen sana'ar sukan ɗauki hotuna da yawa, kowanne da ɓangaren da ya fito sarai, sa'an nan kwamfuta ta haɗa su su zama guda. Wani Bature mai suna Levon Biss ya nuna irin wannan aiki a Oxford ta ƙasar Ingila a 2016, kowane hoton ƙwaro ɗaya an haɗa shi daga hotuna wajen 8,000. Mu dai mukan ɗauki arba'in mu sami biyu na kirki.

Abu na farko da na koya shi ne, mukan ce “shi”, alhali kuwa mace ce ke ginin, ita ce kuma mai harbi. Namijin ba shi da ƙari ko kaɗan. Wadda na bi baƙa ce mai ɗorawar ƙugu, masana suna kiran irinta Sceliphron. Takan sauka a bakin famfon bayan kicin, ta kafa kai ƙasa, ta cura laka da muƙamuƙinta kamar ƙwayar dawa, ta tashi da ita. In ta iso, sai ta shimfiɗa lakar daga tsakiya zuwa gefe ɗaya, in ta komo ta yi ɗaya gefen, kamar mai kitso. Kukan nan kuwa a daidai lokacin shimfiɗawar take yinsa. Jikinta take kaɗawa, kaɗawar ita ke sa laka ta kwanta. A hoto na ga manyan idanunta biyu saƙaƙƙu ne da ɗimbin ƙananan idanu kamar saƙar zuma, ga kuma waɗansu 'yan idanu uku a tsakiyar ka, suna ƙyalli kamar duwatsun wuya. Ban taɓa jin ɗalibin da ya ce ya gan su da ido kawai ba.

Hujjar da ake nema ranar duba tsabta ta zo mini. Kowace Asabar akan kankare gidajen zanzaro daga bango, don kada gida ya rasa maki. Na tsince guda da ya faɗi ya tsage, na kai wa Malam a murfin gwangwanin madara. Cikin ɗaki ɗaya muka ƙirga gizo-gizo tara a cushe. Ba matattu ba ne, in ka taɓa ƙafar wani da tsinke sai ta ɗan motsa. Harbinsu ta yi suka shanye, don kada su ruɓe kafin a bukace su. A jikin na can ƙurya kuwa ga wani farin abu manne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da muka ƙara girman hoton, sai ga ƙwai sarai. Ashe ƙwanta take sakawa, ta tara masa abinci, ta toshe ƙofa ta tafi abinta. Tsutsar da ta fito daga ƙwan ita ke cinye gizo-gizon, ta saƙa wa kanta 'yar jaka, ta kwanta har ta yi fiffike. Ragowar ginin da bai fashe ba muka sa a kwalba muka rufe da ƙyalle. Bayan mako biyar zanzaro biyu suka huda laka suka fito.

Masu dariya sun ce sun ci gardama, amma ni ban ga abin yi wa tsofaffi dariya ba. Akwai wani irin zanzaro mai gina ɗan tulu, shi tsutsotsi yake tarawa, ƙwansa kuma yana rataye da siririn zare a cikin tulun. Wanda ya ga tsutsa ta shiga, ya ga zanzaro ya fito, me zai ce? Sun lura da kyau, ƙwan ne kaɗai ya yi musu ƙanƙanta. Malam ya ce mutanen Sin na dā ma haka suka ɗauka, har sai da wani masaninsu, Tao Hongjing, wanda ya rasu a shekara ta 536, ya binciki gidan ya tabbatar zanzaro ƙwai yake sakawa.

Ina roƙon shugabannin tsabta su bar mana gidaje ukun da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba ɗakin kwana ba ne, mai dubawa ba ya zuwa can, zanzaro kuwa ba ta tsare gidanta da faɗa kamar rina. Na yi wata uku hancina na kusa da ita, ko sau ɗaya ba ta harbe ni ba. Hotuna shida suna nan a allon sanarwa na ƙungiyar kimiyya har ƙarshen zangon nan. Na huɗu shi ne mai ƙwan, a duba gefen hagu na cikin gizon.